Me Kake Yi a Nan? Gwanintar Tace Hidimomin Saba

A ranar 26 ga Satumbar 2024 wani mai binciken tsaron kwamfuta ɗan Italiya, Simone Margaritelli, ya tona wasu kafofi a cikin CUPS, manhajar da ke kula da firinta a Linux. Wani reshe nata mai suna cups-browsed a lokacin yakan zauna a ƙofa mai lamba 631 yana jiran duk wanda zai zo ya ce shi firinta ne, kuma ba ya tambaya ko daga ofishin kusa aka zo ko daga wata nahiya. Da haka mai kutse zai iya dasa firintar bogi, duk ranar da wani ya tura mata takarda sai umarnin mai kutsen ya gudana a na'urar. Ba a yi mako biyu ba kamfanin Akamai ya nuna cewa ko ba a buga komai ba, ɗan saƙo guda ya isa ya sa irin wannan kwamfuta ta yi ta antaya wa wani bawan Allah saƙonni har layinsa ya toshe. Da aka leƙa intanet kuwa, sai ga dubun-dubatar na'urori da wannan ƙofa a wangale.

Masu kula da sabobi sun kasu biyu a wannan mako. Wasu sun kwana suna bin na'urorinsu ɗaya bayan ɗaya, suna neman abin da ba su ma san suna da shi ba. Wasu kuwa sun karanta labarin, suka buga umarni guda don su tabbatar, suka ci gaba da shan shayinsu. Tun ranar da suka kafa sabar suka tambayi CUPS me yake yi a na'urar da ba za ta taɓa ganin firinta ba, ya rasa amsa, suka sallame shi. Aikin waɗannan mutane na biyu nake so mu duba, domin gwaninta ce da ba a cika yabawa ba. In ta yi kyau, babu abin da ke faruwa da za a ba da labarinsa.

Saba dai kwamfuta ce da aikinta yi wa wasu kwamfutoci hidima: ta riƙe shafin intanet, ko bayanan marasa lafiya a asibiti, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai. Wadda muke magana a kai ba ta da hotuna, ba ta da linzami, sau da yawa ma ba a jona mata allo ba. Baƙin fili ne da farin rubutu, ka rubuta umarni ta mayar maka da amsa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ba ta komai sai an taɓa ta, alhali tun kafin kowa ya shiga akwai manhajoji da dama da suka tashi tare da ita suna aiki a bayan fage. Wannan na saita agogo, wancan na rubuta rahoto, wani na jiran baƙo a ƙofa. Su ake kira hidimomi.

Yawancinsu ba mai sabar ne ya gayyace su ba. Masu haɗa nau'o'in Linux irin su Debian ko Ubuntu suna yi wa kowa da kowa ɗinki ne, daga mai laftof a ɗakin kwana zuwa mai cibiyar bayanai, don haka sukan zuba abin da zai sa na'urar ta yi aiki a hannun kowa. Ga kuma rakiya: ka ɗora manhaja ɗaya, ta zo da 'yan rakiya biyar, cikinsu har da waɗanda shawara kawai aka ba da a zo da su. A Debian da Ubuntu, da zarar an ɗora manhaja mai hidima sai ta tashi nan take ba tare da an nemi izininka ba, saɓanin Fedora da Red Hat inda yawanci take jira sai ka kunna ta da hannunka. Wannan ɗan bambanci kaɗai ya isa ya bar mutum da abubuwan da bai san da zamansu ba har shekaru.

Matsalar ta girmi Linux ɗin kansa. A ranar 2 ga Nuwamban 1988 Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell a Amurka, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta, wadda bisa ƙiyasin da aka fi ambata ta kama kwamfutoci kusan 6,000 daga cikin kimanin 60,000 da ke kan intanet a lokacin. Biyu daga cikin hanyoyin da ta bi hidimomi ne da aka saba bari a kunne: sendmail mai kai wasiƙu, wanda aka bar masa wata kafar gwaji a buɗe, da fingerd, wanda iyakar aikinsa shi ne ya faɗa maka ko wane yana kan kwamfuta yanzu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yau kuwa ba a wahalar neman tsagar. Tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna, da manhajarsu ZMap, cewa kwamfuta ɗaya mai layi mai ƙarfi za ta iya ƙwanƙwasa ƙofa guda a dukkan adiresoshin intanet na tsohon tsari cikin ƙasa da minti 45. Saboda haka wanda ke cewa sabarsa ƙarama ce, ba wanda ya san da ita, yana yaudarar kansa ne.

Waɗanda suka fi kowa ɗaukar wannan darasi da gaske su ne mutanen OpenBSD, tsarin da Theo de Raadt ya kafa a Kanada a 1995. Suna alfahari da cewa a duk tsawon shekarun nan sau biyu kacal aka samu kafar shiga daga nesa a tsarinsu yadda yake zuwa daga hannunsu, a 2002 da kuma 2007. Masu sukarsu kan ce ai ba abin mamaki ba ne, tunda kusan ba su kunna komai ba. Ni dai a wajena wannan suka yabo ce.

To yaya gwanin yake farawa? Da kallo, hannunsa bai taɓa komai ba tukuna. Yakan buga ss -tulpn, na'urar ta jero masa duk hidimar da ke sauraro a wata ƙofa, da lambar ƙofar, da sunan mai sauraron. A sabuwar saba jerin bai fi layi kaɗan ba. Ɗaya ya ce 0.0.0.0:22, a gabansa sshd. Wani ya ce 127.0.0.1:25. Wani kuma 0.0.0.0:111, a gabansa rpcbind. Sabon shiga yakan zuba ido kan lambar da ke dama, wato ƙofar. Idon gwani kuwa hagu yake fara zuwa. Sifirai huɗun nan na nufin hidimar tana amsa wa kowa, ta kowane layi da aka jona wa na'urar. Lambar 127.0.0.1 na nufin da 'yan gida kawai take magana, wato manhajojin da ke cikin na'urar kanta, wanda ke waje ba zai ko ji motsinta ba. Layi uku ne, amma ya riga ya karanta hukunci uku: na farko ƙofar da shi kansa ya shigo ta ce, na biyu ba ya da haɗari daga waje, na uku kuma yana bukatar bayani.

Wannan bambanci na hagu ya taɓa girgiza intanet. A ranar 28 ga Fabrairun 2018 an yi wa shafin GitHub ruwan saƙonni da ya kai terabit 1.35 a sakan guda, kuma makamin da aka yi amfani da shi shi ne dubban sabobin mutane masu ɗauke da memcached, wata hidima da ke taimaka wa shafuka saurin buɗewa. Masu sabobin na bukatar hidimar, ba laifi suka yi da suka ɗora ta ba. Laifin shi ne sun bar ta tana amsa wa duniya a ƙofa ta 11211, alhali da manhajar da ke kusa da ita kawai ya kamata ta riƙa magana. Ke nan tsakanin a bari da a cire akwai zaɓi na uku, wato a juyar da fuskar hidimar zuwa cikin gida, kuma gwanaye sun fi amfani da shi fiye da yadda ake zato.

Bayan ƙofofi sai ya nemi jerin duk hidimomin da ke gudana da waɗanda aka tsara su tashi tare da na'urar, ya bi su ɗaya-ɗaya. A nan ake gane wanda ya koyi aikin a gaban malami. Yaron da ke koyo zai nuna layi ya ce:

"Malam, wannan rpcbind ɗin fa, in kashe shi?"

"Me yake yi?"

"Ban sani ba, Malam."

"To rashin saninka ba dalilin kashe shi ba ne, tsoronka kuma ba dalilin barin sa ba ne. Je ka gano wanda ya kawo shi."

Yaron zai je ya bincika, ya tarar cewa rpcbind ɗan rakiyar NFS ne, tsarin da ke ba kwamfutoci damar raba fayiloli ta layi. Sai tambaya ta gaba: wannan saba tana ɗauko fayil daga wata ta NFS? In a'a, rpcbind ya tafi. In e, wane zubi na NFS? Tsofaffin na bukatarsa, na huɗu kuwa ƙofa ta 2049 kaɗai ta ishe shi. Tambaya ɗaya ta haifi uku, kuma kafin yaron ya gama ya san na'urar fiye da yadda ya san ta da safe.

Akwai waɗanda ba sa ɗaukar lokaci. Avahi, mai shelar sunan kwamfuta ga maƙwabtanta a ƙofa ta 5353, amfaninsa a ofis ne ko gida. Bluetooth a na'urar da ke kulle a ɗaki ba shi da wanda zai gaisa da shi. Hidimar sauti, hidimar Wi-Fi a na'urar da ke kan waya, duk haka. Sai dai ko a nan ba a aron jerin wani. Kusan duk jagorar da aka rubuta a Turai ko Amurka za ta ce a cire ModemManager, kuma sun yi gaskiya a wurinsu, inda saba ke zaune a cibiyar bayanai da igiyar intanet a bayanta. Amma ƙaramar sabar wani asibitin karkara a Jigawa ko Damagaram, wadda hanyarta ɗaya ta zuwa duniya ita ce modem mai layin waya, in ka cire mata shi daga nesa ka yanke igiyar da kake rataye a kai, sai dai ka nemi mota. Jerin ma kan tsufa. Shekarun baya ana yawan ba da shawarar a ɗora haveged don kada saba ta maƙale tana jiran lambobin bazata da take kulle saƙonni da su, amma gyare-gyaren da aka yi wa zuciyar Linux a 2019 da 2020 sun sa yawancin na'urori ba sa bukatarsa yanzu.

Cirewa dai ba ta da wuya, kowane mai zafin hannu zai iya. Inda nake sara wa gwanaye shi ne sanin abin da za a bari, domin hidimomin da suka fi muhimmanci su ne waɗanda in ka kashe su yau ba abin da zai canza. Na'urar za ta tashi lafiya, shafin zai buɗe, ka yi murna ka rage kaya. Sai bayan wata uku ko shida ka gane garin neman gira ka rasa ido.

Ɗauki agogo. Kowace kwamfuta agogonta na zamewa kaɗan-kaɗan, batirin da ke riƙe shi in an kashe wuta kuma yakan mutu. Ƙananan na'urorin Raspberry Pi kafin na biyar ma ba su da irin wannan agogo sam, duk sanda suka tashi sai sun tambayi wani ƙarfe nawa. Mutum zai ce to mene ne a ciki in agogon saba ya yi kuskure? Abin da yawa. Takardun shaidar da ke sa shafi ya buɗe da alamar kwaɗo suna da ranar farawa da ranar ƙarewa. Lambobin sirrin nan masu canzawa a waya duk sakan 30 suke juyawa. Kerberos, tsarin tantance ma'aikata a manyan ofisoshi, bisa al'ada ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5. Hatta apt, mai kawo faci a Debian, yakan ƙi karɓar jerin sababbin manhajoji in agogon na baya, ya ce lokacinsu bai yi ba. Saboda haka agogo dole ne. Amma dubi yadda gwani ke barin sa. Tsohon ntpd yana karɓar lokaci kuma yana rabawa a ƙofa ta 123, kuma da wani umarninsa mai suna monlist aka kai harin da kamfanin Cloudflare ya ce ya kusa gigabit 400 a sakan a Fabrairun 2014. Sabar da ba ta raba wa kowa lokaci ba ta bukatar wannan. Sai ya ɗauki systemd-timesyncd, wanda tambaya kawai yake yi ba ya amsa wa kowa, ko chrony da aka saita shi a haka.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne batun wasiƙa. Sabon shiga zai ga Postfix ko Exim a jeri ya ce wannan ba sabar imel ba ce, ya cire. Magana ce mai ma'ana, har Fedora ma ta daina zuwa da sendmail tun 2013. Sai dai a duba abin da ke rataye da ita. A ce sabar na da faifan ajiya biyu da aka haɗa su suna kwafar juna, domin in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Akwai mdadm da ke sa ido kan wannan haɗi, akwai smartd da ke sauraron rahoton lafiyar da faifan ke bayarwa game da kansa. Dukansu in sun ga matsala, hanyar da suka saba kai ƙara ita ce su rubuta wa mai gida wasiƙa. An cire mai kai wasiƙa. Faifai na farko ya mutu a watan Maris cikin tsananin zafi, mdadm ya gani, ya rubuta, wasiƙar ba ta je ko'ina ba. Sabar ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, tunda don haka aka yi haɗin. Ranar da na biyu ya bi sahu, ranar ce kowa zai ji labari, kuma ranar ba sauran abin ceto. Gwani ba ya barin cikakkiyar sabar imel saboda wannan, ba ya kuma barin na'urar ba baki. Yakan sa ƙaramin abu irin msmtp ko dma, wanda ba ya karɓar wasiƙar kowa daga waje, aikinsa kawai ya miƙa ta gaba. Sa'an nan ya aika wa kansa wasiƙar gwaji ya ga ta iso wayarsa kafin ya tashi daga kujera. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda mutane da yawa ke tsallakewa.

Haka rahoto da ayyukan lokaci-lokaci. Dole a samu mai rubuta abin da ya faru, in ba haka ba ranar da aka yi kutse ko na'urar ta faɗi ba inda za a duba. Amma ba dole su zama biyu ba, shi ya sa Debian 12 da ta fito a Yunin 2023 ta daina zuwa da rsyslog, ta bar journald shi kaɗai. Shi kuwa cron da takwarorinsa na systemd (manhajar da ke tayar da hidimomi), su ne ke share tsofaffin rahotanni kada faifai ya cika, su ke jawo facin tsaro da dare, su ke sabunta takardar shaidar Let's Encrypt mai wa'adin kwana 90. Kafin gwani ya taɓa cron sai ya buɗe ya ga ayyukan da aka jingina masa, ya kuma duba systemctl list-timers ya ga waɗanda suka riga suka koma can.

Sauran hukuncin ya danganta da inda na'urar take zaune. Saba ta ƙarfe da ke wani ɗaki a Kano, inda wuta ke zuwa ta tafi kuma janareta na ɗaukar mintuna kafin ya karɓa, tana bukatar hidimar da ke magana da UPS, wato batirin ajiyar wuta, irin NUT ko apcupsd, domin in batir ya kusa ƙarewa ta rufe rumbun bayanai cikin natsuwa ta kashe kanta. Wanda ya yi hayar saba a wata cibiya a Jamus ba ruwansa da wannan. Ba ruwansa ma da smartd, tunda faifan da yake gani ba na gaske ba ne, yanki ne aka gutsuro masa daga na wani. Shi abin da zai bari shi ne ɗan wakilin da ke ba masu cibiyar damar kashe na'urar da ladabi, da cloud-init in shi ke saita mata adireshi. Ubuntu na saba kan zo da multipathd a kunne, wanda aka yi don manyan rumbunan da ake isa gare su ta hanyoyi da yawa, kuma a sabar haya mai faifai ɗaya zaman banza yake yi.

Kashewar ma mataki-mataki ce. A systemd, wanda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da shi a 2010 kuma Debian ta runguma a 2015, umarnin stop na tsayar da hidima ne a yanzu kawai, in an sake kunna na'urar za ta dawo. Umarnin disable na hana ta tashi tare da na'urar, amma wata hidimar na iya tayar da ita in ta bukace ta. Umarnin mask ne ke ɗaure ta gaba ɗaya. Na ƙarshe shi ne a cire manhajar daga faifai, wanda ya fi tsafta domin abin da babu shi ba ya bukatar faci. Akwai kuma tarkon da ke kama ko waɗanda suka daɗe a aikin: wasu hidimomi ba sa bayyana a jerin masu gudana domin systemd ne ke riƙe musu ƙofa, sai baƙo ya ƙwanƙwasa ya tashe su. Dabarar tsohuwa ce, tun inetd na shekarun 1980, kuma Ubuntu ta mayar da SSH kanta, hanyar shiga saba daga nesa, kan wannan tsari daga fitowar 22.10. Shi ya sa gwani ke haɗa jeri biyu, na hidimomi da na ƙofofi, ya ga ko sun yi daidai da juna.

Kuma ɗaya-ɗaya yake yi. Ya tsayar da guda, ya duba, ya rubuta a ɗan fayil abin da ya kashe da dalili, domin wanda zai gaje shi, ko shi kansa bayan shekara biyu. In daga nesa yake aiki yakan bar taga ta biyu a buɗe, ya kuma tabbata akwai wata hanyar isa ga na'urar in layi ya yanke, shi ya sa ba ya taɓa getty, mai ba da damar shiga ta allo ko ta wayar siriyal. A ƙarshe sai ya sake kunna sabar da gangan, da rana tsaka yana zaune, ya ga ta dawo da ƙafarta. Ba ya yin wannan da yammacin Juma'a yana shirin tafiya gida.

Akwai masu mayar da abin gasa, suna nuna hoton allo cewa tasu sabar manhajoji kaza kawai take gudanarwa. Ban ga abin burgewa a nan ba. A na'urar zamani, ƙwaƙwalwar da avahi ko cron ke ci ba ta taka kara ta karya ba, sai fa a ƙaramar sabar haya mai megabayit 512 inda kowane ɗan gutsure ke da daraja. Ribar gaske ita ce raguwar ƙofofi, raguwar abin da za a yi wa faci, da kuma iya kallon jerin ka gane baƙo nan take in ya shigo. Rigimar masu son systemd da masu ƙin sa, wadda ta kai har wasu suka ɓalle suka kafa nasu tsarin, Devuan, ba ta canza komai a nan ba, tambayoyin ɗaya ne ko a Alpine mai amfani da OpenRC maimakon systemd kake. Ban kuma yarda da masu cewa a bar komai a kunne tunda akwai katangar tsaro ba. Katanga na da amfani, amma takan samu kafa ba da sanin mai ita ba. Docker, alal misali, in ya buɗe ƙofa yakan rubuta nasa dokokin da ke zagaye na katangar ufw, mai sabar na can yana ganin a rufe take.

Bayan duk wannan tacewa, kusan kullum ƙofa ɗaya ce ke saura a buɗe ga mai kula, ta 22. Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH a Finland a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a layin jami'arsu, mutanen OpenBSD kuma suka fitar da OpenSSH a 1999, wanda shi ne kusan kowa ke amfani da shi yau. Tunda ba za a iya cire shi ba, sai a matse shi: a hana shiga da kalmar sirri sai da makulli, a hana babban asusu shiga kai tsaye, in da hali a taƙaita inda za a iya zuwa daga shi.

Ko wannan ƙofa ɗaya ma tana da nata 'yan rakiyar, kuma a 2024 an ga abin da hakan ke nufi. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa a aikin xz, manhajar matse fayiloli, har aka amince da shi, sa'an nan ya dasa ƙofar baya a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Me ya haɗa matse fayil da SSH? A asali babu. Amma Debian da Fedora da wasu sun yi wa sshd ɗan faci domin ya riƙa sanar da systemd cewa ya tashi. Facin ya jawo libsystemd, shi kuma ya jawo liblzma na xz, sai ga tarkon a cikin mai gadin ƙofa. Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki kan PostgreSQL, shi ya lura cewa sshd na cin ƙarfin na'ura fiye da ƙima kuma shiga na jinkirin kusan rabin sakan a Debian ta gwaji da yake amfani da ita. Bai ɗaga kafaɗa ya wuce ba, ya bi sawu har ya kai ga tushen, ya sanar a ranar 29 ga Maris, kafin abin ya isa tsayayyun fitowar da yawancin sabobi ke kai. Gyaran da ya biyo baya irin na masu tacewa ne. A Yulin shekarar OpenSSH 9.8 ya zo da nasa 'yan layukan na sanar da systemd kai tsaye ba tare da jawo libsystemd ba, su ma masu systemd suka daina loda manhajojin matse fayil sai a lokacin da ake bukatarsu.